Mil 1,000 a ƙafa: wasiƙa daga Lids

Yaya, barka da war haka. Ina fatan Inna da yara duk suna lafiya. Ka tambaye ni dalilin da ya sa duk hoton da na turo sai a gan ni cikin rigar ruwa a bakin kogi. Ba kogi ba ne, hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa tsakanin Lids da Libaful a nan Ingila, tsawonta mil 127. A gefenta nake biyan bashin da na ɗorawa kaina tun watan Janairu.

Wata mujallar masu yawon ƙafa, Country Walking, ita ke shirya abin duk shekara: mutum ya taka mil 1,000 kafin Disamba ta ƙare, kusan kilomita 1,600 ke nan. In ka raba, kullum kilomita huɗu da ɗoriya. Na san dariya za ka yi, don lokacin da Inna ke aikenmu Kantin Kwari mun fi haka ba wanda ya ƙirga. Amma nan bas da kujerar aiki sun kashe mini ƙafa, har likita ta ce jinina ya fara hawa. Ganinta ba a karɓar ko kwabo, sai dai kada a ruɗe ka da kalmar kyauta: mu masu biza mun riga mun biya kuɗin lafiya, fam 1,035 na kowace shekara, tun kafin mu hau jirgi.

Takalmi ne ya fara koya mini hankali. Na yi wa kaina rowa na sayi mai araha a wani kanti, mako shida ƙasansa ya buɗe baki, ruwa na shiga har safa. Sai na tuna shumekan layinmu, wanda ke wucewa yana ƙwanƙwasa akwatinsa, ya zauna a dakali ya ɗinke maka kafin ka gama alwala. Nan da ƙyar na samu mai gyara, a wani ɗan lungu inda kuma ake yanka makulli, kuɗin da ya faɗa ya kusa kuɗin sabo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na koma kantin da rasit, yarinyar ta juya takalmin sau ɗaya ta mayar mini da kuɗina, ba rantsuwa, ba kiran maigida. A Sabon Gari wa zai saurare ka? Daga baya na samu mai kyau a shagon sadaka, wato gwanjonsu. Kamar Ƙofar Wambai ne, illa babu ciniki. Na gwada cewa a rage, tsohuwar ta dube ni kamar na nemi aurenta.

Hanya kam sun gyara. Akwai alamomi, akwai kujeru, har cikin gonar mutum doka ta bar wa mai ƙafa hanyarsa. Babu adaidaita sahu da zai hura maka hayaƙi. Amma kuma babu mai shayi, babu mai ruwan leda, babu masallaci a kowace kwana. Sau da yawa da ruwan gorata nake alwala a bayan bishiya.

Janairu da Fabrairu na kusa ajiyewa. A Janairu wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi, la'asar da magariba na bin juna kamar tagwaye, sanyin kuma ba irin na hunturu ba ne, mai jiƙa ƙashi ne. Hukumar lafiya ma shawara take bayarwa a riƙa shan bitamin D a watannin duhu, musamman mu masu baƙar fata. Manhajar waya tana ƙirga taku, amma ba ta iya fitar da mutum daga bargo. Wanda ya iya shi ne wani dattijo ɗan Pakistan da muke sallar asuba tare. Mu shida ne a ƙungiyarmu ta tafiyar ƙafa, in ban fito ba sai ya tsaya a ƙofata ya yi ta sallama har kunya ta tashe ni. Da azumi muka mayar da tafiyar bayan tarawihi.

Ranar Asabar ƙarfe tara muna zuwa Woodhouse Moor, wani filin shaƙatawa a Lids, inda ake taron parkrun: kilomita biyar, ba a biyan komai, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya. A Landan aka fara shi a 2004. Akwai ɗan sa-kai da aikinsa kawai ya tsaya a bayan kowa don kada wani ya zama na ƙarshe. Makonni uku na farko da shi na yi ta hira.

Yanzu ina mil 790, wando ya fara zamewa, likita kuma ta saki fuska. In ɗan Baba Ƙarami zai taso, a sako mini man kaɗanya, diddigena duk ya yi kaushi, na nan kuma ɗan mitsitsin gwangwani ne da tsadar tsiya. Kilishi dai kada a saka, ba a barin nama ya shigo.