Haddar amsa ko gidan da ka sani: kwatanci kan tambayoyin gida da gini a jarrabawar baki ta IELTS

Wani ɗan uwa a wannan zaure ya aiko da tambaya. Ya ce ya zauna IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, karatu da sauraro sun yi kyau, amma ɓangaren magana ya tsaya a maki 5.5 cikin 9, alhali jami'ar da yake nema tana son 6.5 a kowane ɓangare. Tambayoyin gida da gine-gine ne suka fi ƙulle masa baki. Ya tara amsoshi daga intanet masu bayanin wani fulat a can saman bene, shi kuwa a gidan gado yake zaune cikin birnin Kano, mai zaure da tsakar gida. Wanne ya fi: ya haddace waɗancan, ko ya yi maganar gidansu?

Malam, gidanku ya fi. Amma bari mu jera hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, domin hadda ma tana da gurbinta, maganar gidan kai kuma akwai inda take ka da mutum.

Jarrabawar bakin tana ɗaukar minti 11 zuwa 14, kai da jami'i ɗaya, ana kuma naɗar muryarku. Kashi na farko minti 4 zuwa 5 ne na tambayoyi kan rayuwarka, kuma sau da yawa da batun gida ko aiki ko karatu ake buɗe shi. A kashi na biyu za a miƙo maka kati, da fensir da takarda, ka yi shirin minti ɗaya, sannan ka yi magana har minti biyu. Kashi na uku tattaunawa ce ta minti 4 zuwa 5 kan batun katin, amma a faɗaɗe. Abubuwa huɗu ake aunawa, nauyinsu ɗaya: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Babu makin kyan gida, babu kuma wanda zai je ya duba ko da gaske bene gare ku.

Ɗauki tambayar da ta fi yawan zuwa a kashi na farko: "Do you live in a house or a flat?"

Mai hadda zai ce: "I reside in a state-of-the-art apartment which is a stone's throw from the hustle and bustle of the city, and it has a breathtaking view."

Mai maganar gidansu zai ce: "I live in a house, an old family house actually, in the old part of Kano. There are about fifteen of us, so it's never quiet, but the rooms are built around an open courtyard, which keeps it from feeling crowded."

A takarda ta farko ta fi ƙyalli. A kunnen jami'in kuwa ta biyu ce ta yi gaba. Ta farko ta cusa salon magana uku a jimla guda, kuma "reside" kalmar takardar kotu ce, ba ta hira ba. An horar da jami'an su gane haddadden zance, kuma ba shi da wuyar ganewa: murya takan miƙe ta zama iri ɗaya, sauri ya ƙaru, ido ya tafi sama. Babbar ɓarnar tana zuwa a tambaya ta gaba. Da zarar an ce "What can you see from your window?", mai hadda ba shi da taga, sai ya faɗo daga Turancin littafi zuwa "Erm... cars... and buildings." Wannan tazarar ce ke tona shi, kuma da maganar da ya iya haɗawa nan take za a auna shi. Amsa ta biyu babu baƙuwar kalma ko ɗaya a cikinta, amma dubi abin da ta ɗauko: "so" na sakamako, "but" na saɓani, "are built" inda ba a ambaci mai aikin ba, da "which" da ya ɗaure jimla biyu. Irin wannan haɗin ne ake nema ga mai son samun maki 7.

Tsawon amsa a wannan kashi jimla biyu zuwa uku ne, kimanin daƙiƙa 15 zuwa 25. "A house" kawai bai ba jami'in abin aunawa ba, jawabin minti ɗaya kuma za a katse shi.

Abin da ke sa ɗalibai gudun maganar gidansu shi ne tsoron abin da ba shi da suna a Turanci. Nan kuwa maki yake. In aka tambaye ka ɗakin da ka fi so, ka ce: "We call it zaure. It's a sort of entrance hall where my father receives male visitors, so they don't have to go into the private part of the house." Ka ambaci kalmar Hausar sau ɗaya, ka bi ta da bayani nan take. Iya kewaya abu da wasu kalmomi yana cikin abin da aka rubuta ƙarara a ma'aunin kalmomi, kuma mai fulat ɗin aro ba ya samun damar nuna shi. Sharaɗin dai kada kalmomin Hausa su wuce ɗaya ko biyu a amsa, kuma kada ka bar ko guda babu bayani.

Sai tambayar zaɓi: "Would you prefer to live in a house or a flat?" Amsar 5.5 ita ce: "I prefer house than flat because house is more better and more comfortable." Kuskure uku ke nan a numfashi ɗaya. "Prefer" da "to" yake tafiya, ba "than" ba; an yar da "a" a gaban "house" da "flat"; "more better" kuma ninki ne marar amfani. Ga ta 7: "I'd rather live in a house, mainly because of the heat. In April we sleep out in the courtyard, and you can't do that on the third floor. Having said that, a flat would be much easier to keep clean during the harmattan." Zaɓi, dalili, misali daga rayuwa, sannan a ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa. Lura cewa bayan "I'd rather" aikatau tsirara yake zuwa, babu "to".

A kashi na biyu ne bambancin ya fi fitowa. Katin yakan ce ka bayyana wani gini da ya burge ka: inda yake, yadda kamanninsa suke, abin da ake yi a cikinsa, da dalilin da ya sa kake son sa. Masu hadda da dama sukan ruga Burj Khalifa na Dubai. Tsayinsa mita 828, an buɗe shi a 2010, ya fi kowane gini tsawo a duniya. Shi ke nan, cikin daƙiƙa 40 kaya sun ƙare, sauran lokacin ya tafi a maimaita "very beautiful, very tall". Wanda ya taɓa zuwa ya hau, to ya yi maganarsa. Wanda a hoto kawai ya san shi, gara ya nemi ginin da ƙafarsa ta taka.

Ba a rasa su ba. Bakano yana da Gidan Makama, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 15 zamanin Muhammadu Rumfa, yanzu kuma gidan tarihi ne. Bakatsine yana da hasumiyar Gobarau. Bazazzagi yana da masallacin Juma'a na birnin Zariya, aikin shahararren magini Babban Gwani a ƙarni na 19, da bakan gizonsa na laka, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin. Mutumin Nijar yana da hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ta laka, a tsohon garin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ko makarantar firamaren da ka yi ta isa, in dai ka san launin bangonta da ƙarar ruwan sama a kan kwanonta.

Kalmomin da wannan hanya ke buƙata ba su da yawa. Tubali shi ne "sun-dried mud bricks". Azara a ce "beams of split palm trunk". Zankwaye su ne "horn-shaped pinnacles at the corners of the roof", indararo kuma "rain spouts". Ga makuba sai a kewaya: "a kind of waterproof plaster made from locust bean pods". Haɗa su da "thick walls", "flat roof", "domed ceiling", "carved patterns on the facade", ka sami abin faɗa na daƙiƙa 40 kan kamanni kawai. Bayanin gini kuma shi ke ba ka damar jera "was built", "is made of", "has been restored" ba tare da ka tilasta su ba. In ba ka riƙe shekarar ginin ba, kada ka tsaya lalube. "It dates back several centuries" ta wadatar.

Mintin shiri ba na rubuta jimloli ba ne. Wanda ya fara rubuta jimla zai gama biyu lokaci ya cika. Rubuta kalmomi 8 zuwa 10 a tsaye, biyu ko uku ga kowane layin katin. Rabon mintuna biyun: kimanin daƙiƙa 20 kan suna da wuri, 40 kan kamanni, 30 kan tarihi da amfani, 30 kan abin da ka ji da ka shiga. Wannan na ƙarshen ne ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke kawo canjin lokaci a nahawu: "The first time I went in, I was surprised by how cool it was, even though it was midday." In jami'in ya tsayar da kai kana tsakiyar magana, lokaci ne ya cika, ba laifi ka yi ba. Wanda ya yi shiru a minti ɗaya shi ne ya yi asara.

To ina hadda take da amfani? A gaɓoɓi, ba a jawabi ba. "Within walking distance of", "it could do with some repairs", "there isn't much privacy", "the rent has gone up", "we moved in five years ago". Irin waɗannan guda 20 zuwa 30, a riƙe su har su zauna a baki, za su shiga kowace tambaya ta gida. Kamar tubali ne: shi ake bugawa a tara tun da wuri, ginin kuwa sai an ga fili.

Kashi na uku shi ne inda mai maganar gidansu yakan faɗi. Tambayoyin sun bar kanka sun koma kan jama'a: me ya sa mutane ke barin gidajen gargajiya, ko ya dace gwamnati ta kashe kuɗi wajen adana tsofaffin gine-gine, yaya gidaje za su zama nan da shekara 30. Wanda ya saba da "my house, my father" sai ya ci gaba da haka, alhali ana son a ji "people", "most families", "young couples". Kwatanta:

"My uncle demolished his mud house because he wanted a modern one."

"I think it mostly comes down to maintenance. Mud walls have to be replastered regularly because of the rains, whereas cement blocks can be left alone for years. The irony is that the old houses are cooler, because thick walls take in heat slowly during the day."

Ta farko labari ce, ta biyu hujja. Kawun zai iya shigowa daga baya a matsayin misali, bayan an kafa batun. Ilimin da ke cikin ta biyun ma duk Bahaushe ya san shi: yaɓe kafin damina, ɗakin bulo mai rufin kwano da ke zama tanda a watan Afrilu, kuɗin hayar shekara guda da ake biya gaba ɗaya a Abuja da Legas. Aikin shi ne a zuba shi cikin "whereas", "tend to", "it depends on", da "if... would". A wannan kashin kana da damar cewa a sake fayyace maka tambaya: "Could you rephrase that?" Ya fi ka amsa abin da ba a tambaya ba.

Akwai tarko guda da ke kama hanyoyin biyu, wato Turancinmu na gida. "Self-contain" a wajen jami'in "studio flat" ne. "An upstair" ba gini ba ne a Turancinsu, "a two-storey house" ake cewa. "Duplex" a Najeriya gida ne mai bene, a Amurka kuwa gini ne da aka raba wa iyali biyu. "Parlour" ta tsufa, "living room" ake ji. "They took light" ta zama "we had a power cut". "Furniture" ba ta ɗaukar "s". "My house is having three rooms" ta koma "has", sannan "I am living there since 2015" ta koma "I've lived there since 2015". Wannan ta ƙarshen kusan kullum sai ta taso, domin "How long have you lived there?" na cikin tambayoyin da ake yawan yi.

Furuci kuwa, ba a ce ka koma Bature ba. Karin harshenka ba ya rage maki muddin ana fahimtarka ba da wahala ba. Sai dai batun gida cike yake da sautukan da ke ba Bahaushe aiki. P da F: "flat", "floor", "roof", "apartment", "peaceful", "spacious". Riƙe takarda a gaban baki. A P leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe har takardar ta motsa, a F haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska ta zirara. V da B: "view", "veranda", "ventilation". Sai "th" a "bathroom" da "three", inda harshe ke leƙowa tsakanin haƙora. Kula da wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, wanda ke mai da "block" ya zama "bulok", "bricks" ya zama "birikis". Nauyin kalma ma yana da muhimmanci: a-PART-ment, AR-chitecture, COMF-table.

Atisayen da ya fi saurin nuna sakamako bai wuce minti 20 a rana ba. Zaɓi kati ɗaya, shirya na minti ɗaya, naɗi kanka a waya na minti biyu. Saurara ka rubuta duk abin da ka faɗa, har da "erm" da maimaici. Magana mai matsakaicin sauri takan ba da kalmomi 220 zuwa 280, in ka ga 130 to shiru ya cinye rabin lokacin. Ja layi ƙarƙashin kurakurai uku kacal, ka gyara, ka ajiye takardar, ka sake naɗa. Kada ka karanta daga rubutun, in ba haka ba ka koma hadda ta bayan gida. Shirya gine-gine uku ta wannan hanya: ɗaya tsoho, ɗaya na zamani kamar Masallacin Ƙasa na Abuja ko ɗakin karatu na jami'arku, ɗaya kuma gidan da kake burin ginawa. Na ukun shi zai sa ka saba da "would": "It would have a courtyard, and I'd put solar panels on the roof." Mafi yawan katunan gini da gida za su faɗa kan ɗaya daga cikin ukun, sai dai ka juya farkon maganar ta dace da abin da katin ya tambaya.