Naira 185,000 na biya a kan akwatin banza: masu mota a Zariya ku yi hattara

Kwana huɗu ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau da asuba na ga mutumin ya sake ɗora talla a Facebook da sabuwar lamba, wai shi ne "gwanin saita sauti a mota", sai na ce a'a, shirun ya isa haka.

Naira 185,000 ya ci min. Dubu ɗari da tamanin da biyar. Na fara tura masa 120,000, ranar da ya ɗaura kayan na cika 65,000. Ina da alat ɗin duka biyun, ina da hotunan hirarmu ta WhatsApp, zan ɗora su in na rufe lambar asusuna.

Kafin wani ya ce min "ai kai ka so", ku tsaya ku ji. Ni ba yaro ba ne, shekara goma sha shida ina riƙe da mota, ban taɓa sayen ko fulogi ban juya shi na duba ba. Kuma matsalar da na kai masa ta gaske ce, ba ƙirƙira ya yi ba. Duk wanda ke tuƙi ya sani, in ka kunna rediyo, murya kamar daga ƙofar hagu take fitowa, wajen gwiwarka. Dalili kuwa a fili yake: tun 1972 da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zaune, sifikar hagu tana gab da shi, ta dama tana can nesa. Sautin hagu ke riga isa kunne, kunne kuma wanda ya fara isowa yake bi. Maganinsa shi ne a ɗan jinkirta sifikar da ke kusa, don duka su iso tare. Wannan duk gaskiya ne, kuma da gaskiyar ya kama ni.

A wajen wankin mota na haɗu da shi, ta hanyar Samaru. A'a, ƙarya nake, tallarsa na fara gani, bayan kwana biyu muka haɗu a wajen wankin. Ya zo da wata farar mota tsaf-tsaf. Ya buɗe min ƙofar direba da kansa, ya ce, "Yallaɓai, zauna nan, ka rufe idonka." Na zauna, na rufe. Ya saka waƙa. Wallahi muryar mawaƙin a tsakiyar dashbod take, daidai ƙarƙashin madubi, kamar mutum na zaune a kan bonet yana kallona. Kalangu a gefe guda, ganga a ɗaya gefen, kowa da wurinsa. Ya danna wani abu, muryar ta faɗo ƙofar hagu. Ya sake dannawa, ta koma tsakiya. Sau uku ya yi haka.

"Yallaɓai, ka ji bambanci?"

Na ce na ji.

Wannan "rufe idonka" ita ke hana ni barci. Ni da kaina na rufe. Mutum ya ce min in rufe ido, na rufe, har ina gyaɗa kai. Da aka kira la'asar shi ya miƙo min buta, sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗa da kafaɗa. To ku gaya min, wa zai yi zargi? Motarsa da gaske tana da na'urar, kunnena bai yi min ƙarya ba. Abin da ya nuna min daban, abin da ya ɗaura min daban.

Ya ce sunan abin DSP, wato na'urar da ke saita sauti tana jinkirta sifikar da ke kusa, daga Legas zai zo, kuma farashi na tashi kullum, in ban ba da kafin alƙalami yau ba, mako mai zuwa sai 220,000. Nan take na tura 120,000. Ban ko koma gida na yi shawara ba.

Ranar ɗaurawa, Asabar ce ko Lahadi, ya ce shagonsa na Sabon Gari ana gyaran rufi, mu haɗu ƙarƙashin wata bishiya bayan Kwangila. Ni dai ban taɓa ganin shagon nan ba, sai yanzu nake lura. Ya zo da baƙin akwati ɗan madaidaici, mai nauyi, da 'yar shuɗiyar fitila a jiki. Ya cusa shi ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, ya ɗora laftof a cinya yana ta danne-danne, ya juya min bayanta. Bai auna komai ba. Ko tef bai fito da shi ba, balle makirfo. Na tambaye shi, ya ce, "Haba Yallaɓai, ai kunnena ne awo na." Na yi dariya. Dariya fa na yi, na cika masa 65,000.

Sautin ya canza, ba zan ɓoye ba. Muryar ta matsa daga hagu, amma ta zama wata iri, ba ta nan ba ta can, kuma dukan ganga ya yi sanyi kamar an rufe ta da bargo. Na kira shi, ya ce sai na'urar ta yi mako biyu tana sabawa da motar. Na yarda. Na'ura wai tana sabawa, sai ka ce amarya.

Ɗan yayata ne ya tona asirin. Yana karatun injiniya a ABU, na ɗauko shi daga Samaru zan kai shi Tudun Wada. Tun kafin mu kai PZ ya ce, "Kawu, wa ya taɓa maka rediyo?" Na fara yi masa alfahari. Ya shiga saitin rediyon, ya nuna min: balans kawai aka karkatar zuwa dama. Shi ke nan aikin. Ya ce balans ƙarfin sauti yake ragewa ko ƙarawa, ba ruwansa da lokacin da sautin zai iso kunne.

A ƙofar gida muka ciro akwatin, ya kwance noti huɗu da sukundireba. Ku ji abin da ke ciki: wayoyin da suka shiga su ne suka fita ta ɗaya gefen, an haɗa su da dalma kai tsaye. Sai 'yar fitilar nan. Sai wani guntun ƙarfe mai tsatsa da aka manne da gam don akwatin ya yi nauyi. Ƙarfe. Na 185,000. Na ɗauki hotonsa, shi ma zan ɗora. Kuma garin haɗawa ya juya wayoyi biyun da ke shiga sifikar dama, kowacce ta koma gurbin 'yar'uwarta, shi ya sa sifikun biyu ke ture juna, ɗaya na turawa ɗaya na ja, har ganga ta mutu.

Abin da ya fi ƙona min rai bai zo ba tukuna. Yaron ya ce, "Kawu, ai rediyonka yana da saitin jinkirta sifika tun asali." Pioneer ce, shekara uku tana motata. Ya aiki ƙanwarsa ta karɓo tef ɗin ɗinki wurin uwargidana. Na zauna a kujerar direba yadda nake zama in ina tuƙi, ya auna daga kaina zuwa sifikar hagu: santimita 98. Zuwa ta dama: 141. Tazara 43 ke nan. Ya ce sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda, wato wajen santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka jinkirin da sifikar hagu ke buƙata bai wuce ɗaya da kwata na wannan ɗan kason ba. Ya auna na baya ma, ya zuba lambobin a rediyon, ita da kanta ta yi lissafin. Ya gyara wayar, ya mayar da balans tsakiya. Minti ashirin. Muryar ta hau tsakiyar dashbod, daidai ƙarƙashin madubi, irin wadda na ji a farar motar nan ranar da na rufe ido.

Da tef ɗin ɗinki. Kyauta. Ni kuwa 185,000.

Na kira lambarsa a daren, ta shiga, ya ce yana Kaduna wajen rasuwa, gobe zai zo ya duba, "wataƙila yaran Legas ne suka yi kuskure." Kashegari a kashe. Ko kuwa ranar Talata ce ya toshe ni a WhatsApp, na manta, kaina ya ɗau zafi lokacin. Na zaga Sabon Gari layi-layi ina tambayar masu rewaya da masu sayar da sifika, ba wanda ya san shi da shago. Wani dattijo ya kalle ni ya ce, "Alhaji, kai ma?" Ban iya amsa masa ba. Sunan da ke kan asusun da na tura wa kuɗin ma ba shi ne sunan da ya gaya min ba. Na gani tun ranar farko, ya ce na ƙaninsa ne, na wuce. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, na je banki na cike takarda, ina jira.

Ku dai kada ku ba kowa kuɗi ƙarƙashin bishiya. Wanda zai saita muku jinkirin sifika bai auna tazara ba, ku kore shi, kuma ku duba rediyonku tukuna.

Uwargida har yau 60,000 ta sani. Akwatin yana but ɗin motata, na naɗe shi a leda, duk ramin da na faɗa a hanyar Ɗanmagaji sai na ji ƙarfen nan ya yi ƙara. In ka ga wannan rubutun, kai ka san kanka, ka san farar motarka, kuma ina da hoton lambarta.