Gama manhaja ko zaunar da darasi: wanne yaro ke tafiya da shi gida?

A Bauchi, malamin lissafi na ajin ƙaramar sakandare yana tsakanin hanyoyi biyu. Manhajar da NERDC, hukumar da ke kula da manhajar makarantu ta ƙasa, ta tsara tana da yawa, zangon karatu kuwa sati goma sha wani abu ne, ga hutu, ga ranakun da ba a shiga aji.

Hanya ta farko: ya bi jadawali sau da ƙafa. Ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ya wuce gaba. Mai duba makarantu zai ga littafin darasi cike, shugaban makaranta ya ji daɗi. Idan jarabawa ta zo, babu babin da yaro zai ce bai taɓa gani ba. Amma tambaye shi bayan hutu, ashe gani ne kawai ya yi.

Ta biyu kuwa jinkiri ce. Malam ya tsaya kan kaso cikin ɗari har sati biyu. Ya ce, "Kai Audu, babanka ya sayi buhun masara a kasuwar Muda Lawal naira 40,000, ya sayar 46,000. Ribar kashi nawa ce?" Audu ya lissafa da yatsu, ya ɓata, ya sake, can ya ce 15. Wannan ba ya mantuwa, ko a rumfar kasuwar Wunti zai yi amfani da shi.

Ni dai na fi karkata nan. Sai dai akwai farashi: babi uku ko huɗu za su rage, kuma masu tsara tambayoyin jarabawar NECO ba ruwansu da inda malam ya tsaya.