Cikowar ruwa ko janyewarsa: wanne ya fi ba da kifi a mashigin teku lokacin zafi?

Ɗan'uwa, ka ce kana zuwa fatsa don nishaɗi a mashigin teku, wato inda kogi ke haɗuwa da teku, zafi ya kankama, kuma wurin da ya saba ba ka kifi ya daina. Da yake ruwan teku na cikowa ya kuma janye kowace rana, wasu sun ce maka ka jira ruwa ya fara cikowa, wasu kuma sun ce kifi sai ruwa na janyewa, shi ne kake tambaya wanne za ka bi. Dukansu suna ba da kifi, amma kowanne da sa'arsa. Daga tsakar rana zuwa la'asar cikowa ce ke da kifi. Daga dare zuwa hantsi janyewa ta fi albarka. Wanda ya juya su zai wuni yana jifa a banza.

Tushen maganar zafin ruwa ne da iskar oksijin da ke cikinsa. Ruwan teku mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 7.4 na oksijin a kowace lita. Idan ya kai digiri 30, sai ya koma wajen 6.2. A daidai wannan lokacin kuma jikin kifi yana ƙara neman iska, domin zafin jikinsa na bin zafin ruwan ne, kuma ƙarin digiri 10 kan kusan ninka buƙatarsa. Iska ta ragu, buƙata ta ƙaru. Kifin da ke cikin wannan hali ba ya bin abinci da gudu, sai ya nemi inda ruwa ya ɗan fi sanyi kuma yake motsi, ya tsaya can. Saboda haka abin da za ka tambayi kanka a kowace fita shi ne: wane irin ruwa ne ke zuwa inda nake tsaye?

Ruwan cikowa daga babban teku yake fitowa. A lokacin zafi yakan fi na cikin mashigi sanyi, ya fi gishiri (wajen giram 35 a lita), ya fi haske, kuma raƙuman ruwa sun cakuɗa shi da iska. Ruwan janyewa kuwa shi ne wanda ya kwanta a kan taɓo da rairayi marasa zurfi. Idan da rana ya kwanta a can, taɓo mai duhu ya sha rana ya gasa shi, to da la'asar zai sauko da ɗumi, ga dauɗa. Ka saya ɗan ma'aunin zafi ka ɗaura masa zare, ka riƙa sa shi cikin ruwa na minti ɗaya a duk wurin da ka tsaya. Bambancin digiri biyu tsakanin bakin mashigi da cikinsa ya isa ya kwashe kifi daga wuri guda ya tara su a wani.

To me ya sa ake yabon janyewa? Saboda ita ce ke kawo abinci. Lokacin da ruwa ya cika, jatan lande da ƙananan kaguwa da 'yan kifi sukan shige cikin ciyawa da ƙoramu su ɓuya. Da ruwa ya fara ja, dole su fito, kuma ƙofa ɗaya gare su: bakin ƙorama. Manyan kifi sun san haka. Sukan jera a gefen ramin da ke bakin ƙoramar, kansu na fuskantar inda ruwa ke zuwa, abinci na iso musu ba tare da sun wahala ba. Idan ka duba da kyau za ka ga wani layi a saman ruwa, inda mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, kumfa da guntayen ciyawa suna juyawa a kansa, wani lokaci jatan lande ya yi tsalle sau biyu ko uku a jere. Nan ne wurin jifa. Cikowa tana watsa kifi a kan fili suna kiwo, sai ka bi su kana nema. Janyewa tana tara su wuri guda. Wannan ne ya sa janyewar da ta faɗo da asuba, bayan ruwan ya huce cikin dare, ta fi kowace sa'a daraja a wurinmu: ga sanyi, ga abinci a ƙofa ɗaya.

Amma akwai inda mutane ke kuskure a nan. Ciyawar ruwa da gansakuka suna fitar da oksijin da rana, da dare kuma su ma shaƙa suke yi. Saboda haka a lungun da ciyawa ta cika kuma ruwa ba ya gudu, gab da fitowar rana ne iska ta fi ƙaranci. Kada ka kutsa can ciki don ka ji ruwan da sanyi. Ka tsaya a bakin ƙorama, inda ruwan da ke fita yake gaurayuwa da na babban rami. Idan ka ga ƙananan kifi suna ɗago baki saman ruwa, ko kaguwa suna hawa turaku suna fita daga ruwa, ka bar wurin, babu abin da zai ci ƙugiya a can.

Haka kuma kada ka ɗauka cewa zurfi kullum yana nufin kifi. Ruwan kogi ya fi na gishiri rashin nauyi, sai ya hau sama, na gishiri ya kwanta ƙasa, su ƙi haɗuwa idan iska ba ta kaɗa ba. Na ƙasan sai oksijin ɗinsa ya ƙare saboda abubuwan da ke ruɓewa a can. Idan ya sauka ƙasa da miligiram 2 a lita, kifi ba ya zama. Wannan na faruwa kowace bazara a zurfafan wuraren mashigin Chesapeake da ke Amurka. A irin wannan mashigi, idan ka saki abincin ƙugiya mai rai har ƙasa ka ɗago shi a mace cikin 'yan mintuna, to ka wuce inda kifi yake. Ka rage zare, ka nema a tsakiyar ruwa ko a kan gangaren ramin.

Ruwan sama mai yawa yana sauya lissafin gaba ɗaya. Kwana biyu ko uku bayansa, janyewa kan fito da jan ruwan kogi marar gishiri, kifin teku kuma ya matsa wajen baki. A wannan lokacin ko da asuba ne, cikowa za ka bi.

Kayan aikin ma ba ɗaya ba ne. Sanda mai tsawon mita 2.1 da zaren saƙa mai ɗaukar kilo 5 zuwa 7 sun isa duka biyun, bambancin yana a ƙarshen zare. A cikowa ruwa garau yake, kifi na gani, don haka ka ɗaura siririn zaren roba marar launi mai tsawon santimita 90 zuwa mita ɗaya, mai ɗaukar kilo 7 zuwa 9, da dalma mai sauƙi, giram 7 zuwa 14. Dalma mai nauyi a ruwan da bai wuce gwiwa ba tana faɗawa da ƙara, ta kori kifi, ta kuma nutse cikin ciyawa. Ka yi jifa mai nisa, ka rage motsi, kuma kada inuwarka ta faɗa kan inda kake nema. A janyewa ruwan ya gurɓace kuma yana da ƙarfi a bakin ƙorama, to santimita 60 sun isa, za ka iya ƙara kauri, dalma kuma daga giram 28 har 85 gwargwadon ƙarfin gudun. Ma'aunin shi ne: ka sa mafi sauƙin dalmar da za ta taɓa ƙasa. Idan zarenka ya miƙe ya kwanta a saman ruwa, dalma ta yi kaɗan. Idan ta kafe wuri guda ba ta gangarawa, ta yi yawa. Ka jefa sama da inda kake zaton kifi, ka bar ruwa ya kawo masa abincin. Wanda ya jefa ƙasa yana jawowa sama, abincinsa na tafiya saɓanin yadda kifi ya saba gani, kuma ta bayansa yake zuwa. A ruwa mai dauɗa wari ya fi gani aiki, shi ya sa yankakken kifi ɗanye ko jatan lande suka fi kifin roba a janyewa, kifin roba kuma ya fi kyau a cikowa.

Idan da abinci mai rai ko yankakke kake aiki, ka sa ƙugiya mai lanƙwasa wadda bakinta ya juyo ciki, lamba 1/0 zuwa 3/0 ga matsakaicin kifi. Ba a fizgarta. Idan ka ji ja, ka naɗe zare a hankali har sanda ta lanƙwashe, ita da kanta za ta kama gefen baki. Fizga tana zare ta daga bakin kifin. Jatan lande masu rai kuwa zafi ke kashe su a bokiti. Ka sa bokitin a inuwa, ka sa ɗan injin hura iska, ka jefa gorar ruwa daskararriya a rufe. Kada ka zuba ƙanƙara kai tsaye, domin idan ta narke tana tsarma gishirin.

Yanzu lissafin lokaci. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato kusan awa 6 da minti 12 tsakanin cika da ƙarshen janyewa, kuma kowace rana yana jinkiri da kamar minti 50. Akwai wuraren da sau ɗaya ne a rana, kamar wasu sassan mashigin tekun Meksiko, don haka jadawalin lokutan cika da janyewar ruwa na wurinku za ka duba. Gudun ruwan ba daidai yake ba a awa shidan. Ka raba tazarar, wato bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da ƙarshen janyewa, gida 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Idan tazarar mita 1.8 ce, ruwa zai sauka santimita 15, sannan 30, 45, 45, 30, 15. Lokacin da ruwa ya tsaya cak tsakanin cikowa da janyewa shi ne mafi muni a zafi, ka yi amfani da shi wajen sauya wuri ko gyara ɗauri. Tsayuwar wata da daren sha huɗu suna kawo babbar tazara da gudu mai ƙarfi, wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata kuma ruwa kan yi kasala. A waɗannan kwanakin ka nemi wurare masu matsi, kamar ƙarƙashin gada ko tsakanin tsibirai biyu, inda ko ɗan gudu ne yake ƙaruwa. Ka kuma sani cewa can cikin mashigi ruwa na makara da awa ɗaya ko fiye a kan lokacin baki, kuma iska mai ƙarfi na iya hana shi fita ko ta tura shi waje fiye da yadda jadawali ya nuna.

Haɗarin kowanne daban ne, kuma wannan ya fi kifin muhimmanci. Janyewa mai jirgi take kamawa. Idan ka haye tudun rairayi mai zurfin mita ɗaya lokacin da ruwa ya cika, a wancan lissafin bayan awa biyu saura santimita 55, bayan awa uku saura 10, jirginka ya zauna ke nan sai ruwa ya dawo. Ga kuma iskar teku da ke tasowa da rana tana bugowa ciki: idan ta yi karo da ruwa mai fita a bakin mashigi, raƙuman ruwa kan tashi gajeru masu tsini, masu iya kifar da ƙaramin jirgi. Cikowa kuwa mai tafiya a ƙafa take kamawa, domin kwarin da ke bayanka yana cika kafin tudun da kake tsaye a kai. Ka riƙa waiwaye, ka sa rigar ceto. Idan kana tafiya cikin ruwa ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda kifin nan mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa a rairayi, mai ƙayar dafi a wutsiya. Mai buɗaɗɗen ciwo kada ya shiga ruwan mashigi mai ɗumi, domin ƙwayar cutar Vibrio na yawaita a cikinsa lokacin zafi, kuma ta fi tsanani ga masu ciwon hanta ko sukari. Ciwon da ya kumbura ya yi ja bayan shiga ruwa na asibiti ne a ranar. Da ka ji tsawa ka kwantar da sanda ka fita, kada ka koma sai an yi minti 30 ba a ji wata ba.

Kifin da za ka saki ya fi shan wuya a ruwan janyewar la'asar, don ya gaji a ruwan da ba shi da iska. Ka jawo shi da sauri, ka cire ƙugiya yana cikin ruwa, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi. Mutuwar kifi bayan saki a lokacin zafi ce ta sa jihar Maryland ta hana neman kifin bas mai ratsi a Chesapeake daga 16 zuwa 31 ga Yuli a 2023 da 2024, don haka ka duba dokar wurinku kafin fita. Wanda za ka tafi da shi gida kuwa ya shiga kula nan take, nauyin ƙanƙara daidai da nauyin kifi.

Ga yadda za ka zaɓi rana. Buɗe jadawali ka nemi ranar da ruwa zai cika awa ɗaya ko biyu kafin fitowar rana, ka kasance a bakin ƙorama tun da duhu, ka yi aiki har hantsi. Idan kuma sai da yamma kake samun sarari, nemi ranar da ruwa zai cika gab da faɗuwar rana, ka tsaya kusa da bakin mashigi, ka kama awa biyu na ƙarshen cikowa da awar farko ta janyewa, kafin ruwan taɓo mai ɗumi ya iso inda kake.