Sharhi Kan Valgrind Bayan Wata Uku Ina Aiki da Shi

Na fara amfani da Valgrind, manhajar da ke gano kurakuran amfani da ma'ajiyar kwamfuta (memory), ne lokacin da nake rubuta wata ƙaramar manhaja da yaren C domin kawuna, wanda yake dillancin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Bayanin kowane mai kaya na haɗa shi a cikin struct guda (ƙunshin bayanai a yaren C), wato sunansa mai gurbin haruffa 32, da adadin buhunan da ya kawo, da kuma manuni (pointer) da ke riƙe da adireshin bayanin mai kaya na gaba a ma'ajiyar kwamfuta.

Manhajar takan yi aiki lafiya da farko, amma da zarar sunaye sun ƙaru sai ta mutu ba tare da bayani ba. Kwana huɗu na yi ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya ban ga laifin ba. Da na harhaɗa ta da gcc (manhajar da ke mayar da rubutun C zuwa abin da kwamfuta ke gudanarwa) tare da alamar -g mai sa a iya gano lambar layi, na kuma gudanar da ita a ƙarƙashin Valgrind, nan take ya ambaci lambar layin, ya ce ina rubutu a bayan wani wuri mai bayit 8 kacal. A nan ne na gane cewa lokacin da na nemi wuri a ma'ajiya da umarnin malloc, girman manunin na auna, wanda bayit 8 ne a kwamfuta mai bit 64, alhali struct ɗin da yake nunawa bayit 48 yake buƙata. Ashe duk lokacin da na sa adadin buhu ta alamar -> (wadda ake bin manuni da ita zuwa cikin struct), gonar wani nake shiga. Wannan aikin kaɗai ya isa ya sa in yaba masa, domin lissafin kuɗin mutane ne a ciki, kuma amana ce.

Daga baya ya nuna mini inda nake sakin wuri da umarnin free sannan in koma karanta manunin da ke cikinsa.

Julian Seward ne ya fitar da Valgrind a 2002, kuma kyauta ne. Sai dai yana rage saurin manhaja ninki goma ko fiye, ba ya aiki kai tsaye a Windows, kuma ba ya kama ƙetare iyakar jerin bayanai (array) da ba da malloc aka samar da shi ba. Rahotonsa yana da nauyi ga sabon shiga, don haka ina ba ɗalibi shawarar ya fara zana struct a matsayin akwatuna da manuni a matsayin kibiyoyi a takarda kafin ya karanta shi. Ni dai yanzu ba na kai wa Kawu sabon gyara sai Valgrind ya nuna kuskure sifili.