Mai man fuka na WhatsApp ya cinye min dubu 68

Jama'a, dubu 68 fa! Naira dubu 68 na tura wa mutumin nan, kwalba biyu, wai man da ke raba yaro da fuka har abada. Kuma kar wani ya zo min da ai ke ce ba ki bincika ba, wallahi na bincika, bayanin da ya turo min da murya daidai yake da na likitan ɗana: jiki na haɗa wani sinadari daga kitsen da ke bangon ƙwayoyin halitta, lukotirin ake ce masa, sai ya je ya shige wani gurbi a jikin hanyar numfashi kamar makulli a kwaɗo, hanyar ta tsuke, majina ta taru, yaro ya hau haki. Montelukast, ƙwayar fukar da ɗana yake sha da daddare, gurbin take tarewa, tun 1998 aka amince da ita a Amurka. To wa zai ji wannan daga bakin mutum ya ce ɗan damfara ne?

"Hajiya ki ajiye ƙwayar Bature, ita tarewa kawai take yi, nawa wanke gurbin yake yi gaba ɗaya." Har yanzu maganar nan tasa na min yawo a ka. Hajiya ki ajiye. Da wani irin ladabi, har da tambayar ya mai jiki.

Ƙanwata da ke aikin kemis ta shinshina man ta ce Yaya wannan ai warin man gyaɗa yake da ɗan turare, kuma gurbin nan halittar jiki ne, ba dauɗa ba ce da za a wanke. Babu lambar NAFDAC ko ɗaya a jiki. Amma wannan bayan daren da numfashin yaron ya sarƙe ne muka kwana kan abin shaƙa na salbutamol, ko kafin nan ma ya riga ya toshe lambata, a'a, sai da na tura cikon dubu 18 na kuɗin mota tukuna. Dubu 50 da dubu 18, kuɗin adashina kaf.

Kar ku tsayar da maganin likita saboda wani mai, ku duba lambar NAFDAC. Hoton hirarmu da rasit ɗin tiransifa suna nan, zan ɗora da zarar an kawo wuta na yi caji. Allah ya isa tsakanina da shi.