Dos2unix ko manhajar kuɗi: wanne zai gyara ƙarshen layin fayil?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda a Windows kake rubuta fayilolin kana tura su sabar Linux, kuma suna da yawa, ka ɗauki dos2unix, ƙaramar manhajar kyauta da ke gyara ƙarshen layin fayil ta allon umarni, ka huta. Manhajar kuɗin nan da aka tallata maka kuwa, bar kuɗinka a aljihu ka sayi data.

Ni dos2unix ta fitar da ni kunya ranar da ake jiran sakamakon jarrabawar ɗalibai. Abokin aikina ya rubuta ɗan shirin da zai kwashe bayanan a kwamfutarsa ta Windows, muka ɗora a saba, ya ƙi tashi sam. Sai dai ya riƙa cewa "bad interpreter", ga wata alama ^M maƙale a bayan /bin/bash, wato adireshin bash, manhajar da ke tafiyar da shirin. Ka buɗe fayil ɗin ka ga komai lafiya lau, domin abin da ya hana ruwa gudu ido ba ya ganinsa. Windows tana rufe kowane layi da alamomi biyu, CR da LF, wato lamba 13 da 10 a jadawalin ASCII, gadon injin aika saƙo na da, wanda sai an mayar da kansa farkon layi sannan a tura takarda sama. Linux da macOS na yanzu LF kaɗai suka sani. Shi ya sa sabar ta ɗauki CR ɗin, wato ^M ɗin nan, a matsayin wani harafi na sunan bash, ta nemi shiri mai wannan suna ta rasa. Na buga dos2unix da sunan fayil, kafin shayina ya huce aiki ya tashi.

Abin da ya ƙara sa na riƙe ta shi ne hankalinta. Idan ka sake ta a folda mai hotuna a ciki, tana tsallake su, ba kamar tr ba, umarnin da ake share haruffa da shi, wanda zai share duk lamba 13 da ya tarar ya lalata maka hoto. Ba ta taɓa ƙ, ɗ da ɓ ɗinmu a fayil na UTF-8. Tana zuwa da unix2dos don komawa baya, da mac2unix don tsofaffin fayilolin Mac na kafin 2001, masu CR zalla. In kana tsoron taɓa na asali, sa -n ta fitar maka da sabon kwafi.

Ta kuɗin, na taɓa sayen irinta. Tana aiki, ba zan yi mata ƙage ba, amma maɓalli ɗaya na biya wa kuɗi, kuma manhajar rubutu ta Notepad++ na da shi kyauta a ƙarƙashin Edit, wajen EOL Conversion. In fayil ɗaya ne ko biyu, ko baƙin allon umarni na ba ka tsoro, wannan ya ishe ka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu loda manhaja a filashi suna cewa "wannan ta biya ce, mun fasa ta". Wasu kayan kyauta suke sayar maka, wasu kuma da ƙwayar cuta a ciki. Haka shafukan da ke cewa ka ɗora fayil su juya maka: fayil ɗin saituna sau da yawa da kalmar sirri a cikinsa, ka miƙa wa wanda ba ka sani ba.

Fayilolin .bat ka bar su da CRLF ɗinsu, na Windows ne. In kuma da Git, manhajar adana sauye-sauyen fayiloli, kuke aiki, ka sa layin *.sh text eol=lf a cikin fayil ɗin saituna na .gitattributes, in ba haka ba gobe abokin aikinka ya sake dawo maka da ^M ɗin.